Rigar Gwanjo Mai Tuta a Kafaɗa

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba zan manta makonni ukun da na yi a garinmu, can ƙasar Maiyama, kamar ba nan aka yanke mini cibiya ba. Duk a kan rigar gwanjo!

A kasuwar Jega na saye ta saboda sanyin fadama. Koriya ce mai kauri, da 'yar tuta a kowace kafaɗa: baƙi, ja da ruwan ɗorawa. Ni dai ado na ɗauka. Lokacin kuwa 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan kusa da mu, kuma kowa ya san kayan soja suke sawa.

Sannu a hankali na ga gari ya juya mini baya. In na iso majalisa sai hira ta mutu, a zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Aminina, wanda muke cin tuwo tare tun muna samari, ya daina ci da ni, ya ce wai ciki ke damunsa. Na yi gayyar dashen albasa, ko mutum ɗaya bai zo ba. Ni kaɗai na duƙa har la'asar, ina dashe ina share hawaye. Ga matata ta rasu, babu ma wanda zan koma gida in tambaya laifin me na yi. Wallahi kaɗaici ciwo ne.

Wanda ya fasa ƙwan wani malamin firamare ne, Kirista, baƙo daga kudu, wanda ko ni ban taɓa wuce gaisuwa da shi ba. Ya tare ni a hanyar gona ya ce, "Baba, rigar nan ta sojan wata ƙasar Turai ce. Ana cewa mutanen daji suka ba ka, kai ke kai musu labari. Gobe za a kira 'yan sa-kai."

Shi ya raka ni gaban maigari, ya nuna hotunan sojojin a waya, ya ce dila-dila ake shigo da irinta gwanjo. Aka yi ta salati ana ba ni haƙuri.

Na dubi aminina na ce, "Har da kai? Mi ya hana ka tambaye ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji, kar a haɗa da ni."

Na yafe masa, har yau muna gaisawa. Amma na koyi darasi: in ka ji ana raɗa a kan mutum, je ka tambaye shi ido da ido. Da baƙon nan ya yi shiru irin na aminin shekara arba'in, da yau wani ne ke ba ku labarina.