Gefen Kududdufi Na Ce Ya Tsaya

Assalamu alaikum masu karatu. Lokacin da abin nan ya same mu ina da shekara ashirin da shida, muna haya a unguwar Kwaciri a Kano, ciki da falo, ni da maigidana da yara biyu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da lura, kuma ina da tsoro. Babban tsorona ruwa. Ina ƙarama na ga an tsamo wani yaro daga kududdufin unguwarmu, cikinsa ya kumbura, tun daga ranar ko bokiti na cika sai na rufe shi da faranti. A tunanina illar ruwa guda ɗaya ce, ya haɗiye mutum.

Bazarar ta zo da zafi, ga ba wuta, ƙuraje suka feso wa babban ɗana a wuya da baya. Shekararsa bakwai. Babansa, da yake lodin kaya a kasuwar Singa, ya ce duk ranar da bai fita kasuwa ba zai ɗora shi a babur su je wani kududdufi can bayan gari, wai ruwan yana kashe ƙuraje, shi ma a irinsa ya girma. Raina bai so ba. To amma yaron ɗan fari ne, a gidanmu kuwa uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari, ko sunansa ban taɓa kira ba, sai dai in ce kai, ko wannan yaron. Abin da na iya kawai, na roƙi babansa kada ya bar shi ya shiga tsakiya. Na ce ya tsaya gefe, cikin ciyawa, inda ruwan yake da ɗumi bai wuce gwiwa ba. Har daɗi na ji, wai na yi dabara.

Duk dawowarsu sai in ga yana sosa ƙafafu, na ɗauka sauro ne. Bayan wajen wata uku ina wanki na ga ɗigon ja a gaban wandonsa. Na bi shi banɗaki na laɓe, na ga fitsarin ya fito lafiya, sai a ƙarshe jini ya biyo, yana cije leɓe. Na faɗa wa babansa, ya yi dariya, ya ce tsargiya ce, wane namiji ne bai yi ba. Muka je Fagge gaida surukata, Hajiya, ya ɗauko zancen a gaban mutane kamar abin raha. Hajiya ta dube ni ta ce ashe yanzu har banɗaki nake bin ɗan fari, to saura in goya shi in zaga unguwa. Ta ce jinin alamar ƙarfi ne, yaro ya fara zama namiji, babansa ma ya yi kuma ga shi yana ɗaukar buhu biyu. Matan da ke wurin suka yi ta dariya, wata ta ce ’yan matan yanzu idonsu ya bushe. Aka ba ni jiƙo a gora na taho da shi.

Nan ne na yi laifin da har yau yake cin raina. Na yi shiru. Wata bakwai ina wanke jini a wandon ɗana, ina shanya shi a bayan ƙofa don kada a gani a ce na cika zaƙewa. Ina kallo ya daina ƙwallo, ya koma zama a bakin zaure. Tafin hannunsa ya yi fari. Ya riƙa ƙin shan ruwa don kada ya ji fitsari, ko da ana zafi. Malaminsu ya aiko wai yana barci a aji, babansa ya zane shi. Kuma duk wannan lokacin ba a daina zuwa kududdufin ba, ni kuma ban daina cewa ya tsaya gefe ba. Wallahi idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Dariyar mata huɗu na ji tsoro, na bar yaro yana zubar da jini.

Maƙwabciyata ce ta fasa abin, wata Bayarabiya mai sayar da robobi a Sabon Gari, Iya muke ce mata. Ta sami yaron tsugune a bakin kwata yana kuka, ta ja fatar idonsa ta duba, ta shigo da shi har ɗakina. Ta tambaye ni ko ni na haife shi ko tsinto shi na yi. Na fara yi mata bayanin ɗan fari, ta ce ita ma a Kano aka haife ta, ta san kunya, amma ba ta taɓa jin kunyar da ke ƙara wa yaro jini ba. Washegari da safe na saka hijabi na ce wa maigida asibiti za mu. Ban tambaye shi ba, faɗa masa na yi. Ya dube ni, ya ga fuskata, ya bar mu muka tafi.

Iya ce ta raka mu. A asibiti mai rubuta kati ta tambayi sunan yaro. Na tsaya, na waiga wajen Iya don ta faɗa, ta kawar da kai. Sai na faɗa da bakina. Yaron ya ɗago ya kalle ni, don bai taɓa ji daga gare ni ba. Da aka auna fitsarin, likita ya ce tsutsa ce ta ruwan kududdufi, kuma ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga. Ya ce a jikin dodon koɗi take girma, shi kuwa dodon koɗi ya fi yawa a gefe, cikin ciyawa, inda ruwa ya kwanta ya yi ɗumi. Wato daidai inda na ce ya tsaya. Ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai, hoto kuma ya nuna mafitsararsa ta fara taɓuwa. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce wata bakwai. Bai yi mini faɗa ba, rubutu kawai ya ci gaba da yi, da ma faɗan ya yi.

Ƙwayoyi ’yan kaɗan aka ba shi, da maganin ƙarin jini. Shi ke nan. Sauƙin maganin shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Jinin ya tsaya, amma ya maimaita aji, kuma har yanzu muna komawa a duba mafitsarar. Babansa ma da aka auna shi an samu, ya sha magani, ya daina zancen kududdufi. Hajiya har gobe cewa take asibiti ne suka tsorata ni. Ina gaishe ta, ina durƙusa mata, amma a gabanta nake kiran sunan ɗana yanzu, in ta ga dama ta yi dariya.

Roƙona gare ku iyaye mata: kada ku bar yara su shiga ruwan da yake kwance, ko gefe ko tsakiya. In kuma kin ga ja a wandon ɗanki, na fari ne ko auta, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki tsaya jin ta bakin kowa.