Butar da Ake Shayar da Mota

A zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, kuɗin mai ya sauko wa garin nan kamar ruwan marka. Wanda jiya ka gan shi yana tura keke, yau sai ya wuce ka bisa babur yana ɗaga maka hannu. Muna zaune Runjin Sambo a lokacin, unguwar ba ta cika ba, tsakanin gida da gida akwai fili inda awaki ke kwanciya. Maigidana hatsi yake sayarwa a kasuwa, mutum ne mai son dariya, kuma ba a taɓa jin kanmu da kowa ba.

Akwai babban yaron gidanmu. Ba zan faɗi sunansa ba, ko yau da furfura ta rufe mini kai. Ɗan fari ne, kuma mu a yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yabonsa ko da ya tsamo mutum daga rijiya. Ana yaye shi goggonsa, yayar ubansa, ta ɗauke shi, ita ta raine shi, ita ke yi masa faɗa, ita ke shigar masa. Da Allah ya karɓi abarsa sai yaron ya dawo gidanmu da gemunsa ya fara tsirowa. In ina son ya ci abinci, sai in ajiye kwano in ce wa iska, "Ga tuwo nan in da mai ci." In zan ambace shi ga ubansa, sai in ce wancan.

To, wancan ya koyi kanikanci wurin masu shimfiɗa kwalta. Hannunsa na da albarka, wannan kam yanzu zan iya faɗa tun da na tsufa. Ya sayi wata tsohuwar mota da wani Bature ya bari, ya kawo ta ƙofar gida, ya feɗe mata ciki kamar ragon layya. Wata da watanni yana ƙarƙashinta. Ranar da ta tashi, kajin unguwa duk sai da suka haye danga. Ya cire mata abin da ke danne kuka, ya sauya mata wasu ƙarafa, sai ta zama ba ta tafiya sai gudu. Ran Juma'a bayan la'asar shi da abokansa sukan fita bayan gari kan sabuwar kwalta, su jera motoci, su ga wa zai riga wani.

Ana nan ana nan, sai ya zo da wani ruwa a jarka, fari tas kamar na rijiya. Ina tankaɗe a bayan zaure na ji yana yi wa ubansa bayani.

"Baba, fetur shi kaɗai zahi shika sa ma injin. In an ka sirka shi da wanga, sai ta yi sanyi, ka taka ta iyakar ƙarhinka ba ta gardama. Sai dai a buɗe mata maƙogwaro kaɗan, don ta hi shan shi da yawa."

"Mi as sunan abin?"

"Sifirit. Da rake aka yin shi."

"Raken da yara ka sha? To Allah shi kyauta, mota ma ta san daɗi."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ba don rashin fetur yake wannan sirki ba, fetur a shekarun nan ba ya gagarar kowa. Gudu kawai yake so ya ƙara.

Jarka ba ta zuba cikin bakin tanki sai ta ɓarar, saboda haka ya ɗauki ɗaya daga butocin ƙarfen da nake jerawa a zaure don baƙi. Bakin buta siriri ne, ya shiga tankin daidai. Ita ta zama ma'auninsa kuma: in ya cika tanki da fetur, sai ya bi shi da buta guda. Na lura butata ta ragu, na kuma ji wani wari mai hawa kai duk lokacin da na share zaure. Da wani ɗa ne cikin ƙannensa, da na kama kunnensa na tambaye shi. Shi kuwa ba dama. Na ce wa ubansa, "A tambayi wancan abin da yake yi da butar mutane." Ya ce mini in bar yaro da sana'arsa.

A cikin wannan tsakani ne wancan ya ga yarinya, 'yar wani gidan masu sayar da shadda can kusa da Hubbare. Yana sonta, tana sonsa, har an kai gaisuwa an karɓa. Abin da ya rage baffanta ya yanke rana, don shi ne babba a gidansu, shi ke bayarwa. Tsoho ne dogo mai farin gemu, wanda carbi ba ya barin hannunsa. Ya aiko cewa zai biyo ya gaisa da maigidana, kowa kuwa ya san ba gaisuwa kaɗai ba ce, gidan zai gani da idonsa.

Ya zo wata ranar Laraba gab da la'asar. Na dama fura da nono mai kyau, an shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Wancan yana wurin motarsa, da ya hango tsohon sai ya ajiye abin da ke hannunsa a bakin zaure, ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ja gefe ya ɓace saboda kunya. Abin da ya ajiye kuwa butar nan ce, da sauran rabi a ciki.

Aka kira salla. Maƙwabta suka fara fitowa ƙofar gidanmu, don nan ake jam'i ƙarƙashin darbejiya. Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauki butar da ta fi kusa da shi. Yana fama da mura ranar, tun zuwansa nake jin yana jan hanci, ga shi kuma suna cikin hirar tsadar kaya da maigidana. Ya wanke hannu bai lura ba. Ya kamfata ya kai baki.

Ni ina bayan zaure, ban ga wannan ba, ji na yi. Na ji tari irin na wanda aka shaƙe, na ji buta ta faɗi tana gangarawa, na ji muryar tsohon ta canza yana salati.

"Mi na na? Alhaji, mi kunka zuba cikin butag ga?"

Wani maƙwabcinmu tsohon soja, wanda ya yi yaƙi ya dawo, ya ɗauki butar ya sansana. Da ma ya yi shiru. Sai ya ce da ƙarfi, yadda har na bayan layi sai da suka ji, "Wanga ai barasa ta, wadda ba a ko sirka ba!"

Wancan ya sheƙo a guje. Yana rantsuwa yana cewa man mota ne, ba na sha ba ne, bai taɓa kai shi baki ba. Don ya nuna musu gaskiyarsa sai ya tsiyaye sauran a ƙasa ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi shuɗiya, ba hayaƙi, tana lasar ƙasa a wurin da mutane za su sa goshi. Kowa ya ja baya.

"Kun gani? Mai na!"

"Mun gani," in ji tsohon sojan. "Ashe shi ya sa in ta hita ba ta tahiya daidai. Motarka mashayiya ta, yaro."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi a'uzubillahi. Baffan yarinyar kuwa ya miƙe. Ya nemi ruwa daga gidan da ke kallonmu, ba daga namu ba. Ya daɗe yana kurkure baki yana zubarwa, ya wanke hannun rigarsa har kafaɗa. Ya yi sallarsa a ƙarshen sahu, ya sa takalmi ya tafi. Furar da na dama aka dawo mini da ita ko faifan ba a ɗaga ba.

Kafin a kwana biyu maganar ta kai kasuwa, ta dawo da ƙari. Aka ce a gidanmu ake dafa barasar. Aka ce da buta muke sha don kada a gane. Maigidana mai dariya ya daina dariya, ya daina zama rumfarsa. Sai ga saƙo daga gidan yarinyar: a dakata tukuna. Duk wanda ya san irin wannan dakatawa ya san abin da ke biye da ita, kaya ne za a dawo da su.

Wancan ya shiga ɗaki ya kwanta. Ina ajiye kwano in ce ga tuwo, in dawo in tarar da shi yadda na bar shi. Na ce wa ubansa ya tafi ya ba da haƙuri. Ya ce da wane ido zai dubi mutumin da ya kurkure baki da barasa a zaurensa. 'Yan'uwansa maza kowa ya noƙe. Wadda za ta ɗaura gyale ta tafi ta yi masa faɗan nan goggonsa ce, ita kuwa tana ƙasa.

Na kwana ina juyi. Da hantsi na nemi izini, na lulluɓa, na kama hanyar gidan yarinyar da ƙafa. Ina wuce motar a ƙofar gida ban ko dube ta ba.

Na tarar da matan gidan a tsakar gida suna tsinkar zogale, uwar yarinyar tana tsakiyarsu. Aka ba ni tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya. Ba a kawo mini ruwa ba. Na ce na zo ne kan maganar yaron nan.

"Wane yaro?" in ji wata tsohuwa daga cikinsu, tana kallona ta gefen ido. Ta san sarai.

"Na gidanmu."

"Gidanku ai yara da yawa. Ɗan wa?"

Na dubi ƙasa. Tun ranar da aka yanke masa cibiya ban taɓa faɗin abin da na faɗa a wurin nan ba.

"Nawa na. Ni na haihe shi."

Hannuwa suka tsaya cikin zogale. Wata matashiya ta rufe baki da gefen zane. Ni kuwa da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na ce ɗana ba ya sha. Na ce ɗana tun da ya dawo gidanmu ba ya wuce asuba, ina jin fitarsa kullum ko da ban taɓa nuna na ji ba. Na ce wauta gare shi da son gudu, ya ɗauki abin da ya kamata ya tsaya gareji ya kawo shi inda ake alwala, amma cikin mota yake zuba shi, ba cikinsa ba. Har sunansa na kama, sau ɗaya, ya fito mini daga baki kamar an fizge shi.

"Ikon Allah," in ji tsohuwar. "Yau ga uwa tana yi ma ɗan hwari kirari. Mun ga zamani."

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na ji kamar zanena ne ya kwance a tsakiyar kasuwa.

Ashe baffan yana ɗakinsa, labule kaɗai ke tsakaninmu. Ya yi gyaran murya, matan suka nutsu. Bai fito ba, daga ciki ya yi magana.

"Malama, na ji. Ban ce yaron shina sha ba. Amma bakin nan nawa, tun ina yaro karatu nika yi da shi, yau kwana nawa in na ɗauko aya sai in ji ɗacin abin nan bisa halshena." Har na ɗauka ya gama, sai ya ƙara da cewa, "Ki tai gida. Ki ce ma uban yaron shi zo a sa rana. Amma motag ga ba ta shigowa layinmu, ba ta ɗaukar ɗiyarmu, ko ranar biki ko bayan biki."

Na yi godiya da muryar da ni kaina ban ji ta ba. Uwar yarinyar ta rako ni har zaure, ta kama hannuna ta matsa, amma ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Mun yi shekaru muna surukai bayan haka, ban taɓa sakin jiki na zauna a gidan nan ba. In an haɗu a suna ko biki, sai in ga mata suna taɓa juna, in ji ana raɗa cewa ita ce wadda ta kama sunan ɗanta.

Na dawo gida rana ta take. Na gaya wa ubansa saƙon, iyakar saƙon, ban ƙara da yadda aka yi na samo shi ba. Amma magana ba ta kwana a garin nan. Washegari ina zaune a ɗakina ina kaɗi, sai na ga inuwa ta rufe ƙofa. Wancan ne. Ya durƙusa a bakin ƙofar, kansa a ƙasa. Ya daɗe a haka. Nan na gane ya ji komai.

Na juya fuskata ga bango, na ci gaba da murza mazari.

"A gaya ma mutum shi tashi," na ce, "ya tare min haske."