Kwamfutar da Na Ce Ni Na Saya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Isyaku, wanda mutanen Ƙofar Dumi suka fi sani da Malam Isyaku Mai Kwamfuta. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci in aika masallacin unguwa, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Wani abu ya faru a tsakar gidana kwanakin baya, har yau ban iya haɗa ido sosai da 'yarsa Ummi ba, yarinyar da ni na goya ta, ni na raine ta.

Gidanmu gidan masu ɗinkin hula ne tun kakanni. Yaya Isyaku da allura ya fara, sai rediyo ta ɗauke masa hankali, daga rediyo kuma ya faɗa wa kwamfuta, bai sake waiwayar hula ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne a lungu, in mai babur ya tsaya a ƙofa sai haske ya ɗauke. Bai taɓa yarda ya sayar wa mutum kwamfutar da kamfani ya haɗa ya rufe ba. Cinikin biri a sama yake kiran wannan. Shi sai dai ya zaunar da kai ya tambaye ka aikin da za ka yi da ita, ya nemo kayan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa a gabanka kana kallo ko kana so ko ba ka so. Yakan ce abin da ba ka ga cikinsa ba, aro aka ba ka. Mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa, kuma ba zan ce ni na fi shi ba.

Abu ɗaya ya ɗauko daga gidanmu ya kai cikin sana'arsa. Wayoyin da ke cikin kwamfuta, da wasu ke kama su da roba, shi da koren zaren hula yake ɗaure su, da wani ƙulli da babanmu ya koya mana muna yara. Duk mai gyara a garin Bauchi in ya buɗe akwati ya ga koren zare, ba ya tambayar aikin wane ne.

Ummi ita ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarmu aka sa mata. Kun ga abin ya zama biyu. Ana yaye ta aka kawo min ita riƙo. Tun daga nan har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya kama sunanta ba, ko na gaskiyar ko na laƙabin. Sai dai ya ce min, "'Yar gidanki." In ta durƙusa ta gaishe shi, yakan amsa ne idonsa na kan aiki. Mu kuwa dangi muna ta yabo, Isyaku akwai kara, Isyaku akwai alkunya. Ni ce kan gaba wajen yabon, a gidan biki da gidan suna. Sau da yawa nakan aike ta shagon da abinci, ta tarar yana nuna wa 'ya'yan wasu yadda ake zaunar da fankar kwamfuta, yana musu dariya, ta ajiye kwano ta juyo. Ban taɓa tambayar ta yadda take ji a hanyar dawowa ba, don a ganina ba abin tambaya ba ne.

Shekarar da ta ci jarrabawar shiga babbar sakandare, ya aika a kira ni. Na tarar da wani kwali na kamfani a kan teburinsa, sabo fil, da kwamfuta a ciki, har da sitika a manne a bakin murfi. Na ce, "Iye! Yau kai ne da na kanti?" Bai yi dariya ba. Ya ce shi ya haɗa ta da hannunsa, ya zaɓo mafi kyawun kayan da zai iya samu. Akwatin da kwalin da sitikar kuwa wajen abokinsa Emeka ya karɓo, mai shagon kayan kwamfuta a cikin gari. Ya ce, "Tun da jiya kika dawo daga Kano, ki ce a can kika saya wa 'yar gidanki. Ki ce mata na kamfani ne, ba a buɗewa. Kuma kada in ji maganar nan a bakin kowa." Mutumin da ya ƙi jinin rufaffen akwati, shi ne ya zauna ya yi wa aikinsa shigar burtu, don kada a ce ya nuna son 'yar fari. Na yi masa alkawari, na ɗauko kwali a Keke Napep.

Murnar da Ummi ta yi ranar ba ta faɗuwa. Ta durƙusa tana ta sa min albarka, ni kuma ina ta cewa ba komai, ai yi wa kai ne. Da mahaifin ya zo gidan bayan kwana biyu, ta yi ƙarfin hali ta nuna masa. Ya dube ta ta wutsiyar ido, ya ce, "Hm, na kanti. Allah ya sa ta yi ƙarko." Ni kuwa na ƙyalƙyale da dariya, don na san abin da na sani. Ita ba ta sani ba. Wallahi in na tuna dariyar nan yanzu sai in ji gumi ya karyo min.

Bayan shekara biyu ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, ya tafi. Za ku ce me ya hana ni faɗa mata bayan nan. Na ce wa kaina amana ce, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Yarinyar nan a kan kwamfutar ta koyi zane, da ita ta kama hanyar da ta kai ta karatun zanen gine-gine, kuma duk inda ta zauna sai ta ce Gwaggona ce ta ɗora ni a hanya. Yabon ya yi min daɗi. Na saba da shi kamar yadda ake sabawa da zanen aro har a manta mai shi.

Yanzu Ummi ta zama cikakkiyar mace, tana aiki a wani ofishi wajen Gwallameji, inda gidaje ke tsirowa kullum kuma kowa na neman mai zana masa. Tsohuwar kwamfutar ta daɗe da gajiya, tana ajiye a ƙarƙashin gado. Ta ce tana son sabuwa ta gida mai ƙarfi, in raka ta wajen Emeka. Mun same shi ya yi furfura. Ya ajiye mata zaɓi biyu a kan kanta. Ɗaya wata 'yar ƙaramar aba ce, ba ta kai burodi girma ba, a haɗe take a rufe, ka jona ta kawai ka kama aiki. Ba ta cin wuta, ko 'yar sola ta gida za ta riƙe ta, ba ta ƙara, ba ta cin wuri. Sai dai in gobe aikinka ya fi ƙarfinta, abin da za ka iya canzawa a cikinta kaɗan ne. Ɗayan kuwa shi ne ta sayi kaya daki-daki ta haɗa da kanta, ta riƙa ƙarawa yadda aiki ya nema, amma sai ta yi haƙuri da girma da cin wuta, kuma in ta yi kuskure ba wanda za ta kai wa ƙara.

Ina tsaye ina tunanin abin da Yaya Isyaku zai ce da ya ga wannan 'yar mitsitsiyar. Na san zai juya ta gaba da baya yana neman kusoshi, ya yi tsaki, ya ce yanzu kuma birin ma an ƙanƙance shi. Na kuma san zai sayi ɗaya a ɓoye don kawai ya buɗe ya gani. Ban san ko zai iya gardama da ita ba a zamanin da wuta ta zama baƙuwa, don mutum ne mai taurin kai amma ba ya ƙin gaskiya in ta tsaya a gabansa.

Ni dai na dage a kan ƙaramar, na ce wa ke son wahala. Sai Ummi ta ce, "Ita zan ɗauka, Gwaggo. Ni dama 'yar na kanti ce. Wanda ya iya haɗawa ya haɗa wa 'ya'yan kowa, bai taɓa haɗa min ba." Ba da fushi ta faɗa ba, ba ta ko ɗago kai daga abin da take dubawa ba. Magana ce da ta daɗe da kwanciya a zuciya har ta daina zafi. Da ta matsa gefe tana duba allunan kwamfuta, Emeka ya sunkuyo ya ce min da Hausarsa ta kasuwa, "Hajiya, har yanzu kai ba ka gaya masa ba?" Na harare shi na ce ya rufa min asiri. Sai ya ɗaga murya ya ce wa Ummi kada ta yi gaggawa, ta je gida ta buɗe tsohuwar da hannunta, ta ciro faifan ajiya ta kawo masa ya kwashe mata tsofaffin zanenta. Yana maganar yana kallona. Hannunka mai sanda ya yi min, na gane sarai.

Ranar Asabar da hantsi ina tsintar shinkafa ta fito da ita ta ajiye a kan tabarma, ta karkaɗe ƙura, ta ɗauko sukudireba. Kun san abin da na ce? Na ce, "Ai an ce ba a buɗewa." Da girmana! Ta yi dariya ta ce kamfanin ma ya manta da ita. Ta tsaga sitikar, ta kwance kusoshin baya, ta zare murfin. Sai dariyar ta tsaya. Ga wayoyi nan a jere, kowane dami a ɗaure da koren zare, zaren ya ɗan koɗe amma ƙullin na nan daram. Ta daɗe tana shafa shi da ɗan yatsa. Yarinyar da ta sha tsayawa a ƙofar shago da kwano a hannu ba ta buƙatar a gaya mata aikin wane ne.

"Gwaggo," ta ce, "a Kano ma da koren zare suke ɗaurewa?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ture faranti gefe na faɗa mata komai, tun daga kwalin har dariyar. Da ta yi min ihu da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta share ido da bakin mayafi ta yi min tambaya ɗaya: "Da ban buɗe ba fa?" Har yau da nake rubutun nan ba ni da amsa mai kyau, don amsar gaskiya ita ce da na bar ta ta ci gaba da zama 'yar na kanti.

Ba zan zagi kara ba, a cikinta aka haife mu, kuma na ga gidajen da aka zubar da ita ba su fi mu zaman lafiya ba. Amma na fahimci abin da ban fahimta ba da. Iyayenmu da suka hana uba nuna son ɗan fari ba su bar yaron haka nan ba. Sun ba shi gwaggo, sun ba shi kaka, waɗanda za su jawo shi gefe su raɗa masa cewa rigar nan babanka ne ya ɗinka maka, kada dai ka nuna ka sani. Uba ya yi shiru, gwaggo ta yi magana, haka abin yake tafiya. Yaya Isyaku ya yi nasa har ya zarce, ya roƙe ni in taya shi shirun, ni kuma na karɓa hannu biyu na bar nawa aikin. Laifinsa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, ina roƙa masa gafara. Nawa kuwa ina raye, ina kallon wadda na yi wa kullum da safe.

Ummi ba ta sayi ƙaramar ba. Ta ce ba don ba ta da kyau ba, ita ce ma ta fi dacewa da wutar unguwarmu, amma tana son ta ga cikin abinta. Ta riƙa kwaso kaya wajen Emeka tana haɗawa a kan tabarmar nan. Karon farko ta danna, ko tari kwamfutar ba ta yi ba, sai da ta warware ta sake. Da kwamfutar ta tashi, fanka na juyawa, sai Ummi ta shiga Kasuwar Muda Lawal ta dawo da koren zare. Ta gwada ƙullin ya ƙi, ta sake ya zame. A duk gidanmu ni kaɗai na rage da na koya a hannun babanmu. Kwanaki ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, amma ranar ta miƙo min bakin zaren ta ce, "Nuna min."

Shagon Yaya Isyaku yanzu mai cajin waya ne a ciki, kwamfutocin da ya haɗa kuma yawancinsu 'yan gwangwan sun kwashe. Abin da ya rage nasa shi ne ƙullin nan, da labaran da na tara na hana mai su. Muna ɗaurewa tana tambaya ina faɗa. Ta ce in na je shagon, yakan tambaye ni ita? Na ce kafin mu gama gaisawa sai ya ce, "'Yar gidanki fa, ta ci abinci?" Ta ce wani lokaci ko? Na ce kullum, Ummi, ko sau ɗaya bai taɓa fashi ba. Ta sunkuyar da kai, ta ja zaren, ƙullin ya kama.

Allah ya haskaka makwancinka, Yaya. Na karya alkawarin da na yi maka, kuma kunyar da nake ji ita ce ban karya shi tun kana da rai ba.