Ƙwaryar da aka kifa a zangon Bungudu

Mun tashi da asuba ranar Talata, bayan sallar layya da kaɗan, ni da kawuna da wani maƙwabcinmu. Saƙo ne ya iso Tsafe cewa an tsare ƙanena mai fataucin gishiri a Bungudu. An sace san huɗar wani manomi, an bi sawunsa har zangon da ƙanena ya kwana. In maganar ta kai gaban alƙali a Gusau, kurkuku ne.

Hanya ta yi mana kyau. Mun wuce Dutsen Kwatarkwashi da hantsi, muka sayi fura a gindinsa. Mai furar ta juya aninin da na miƙa mata, ta ce ita dai kuɗin wuri ta sani. Kawu ya sha rabonsa, ya kama na maƙwabcinmu.

Gusau ta cika ta batse. Buhunan gyaɗa da auduga jibge a bakin kantuna, kowa kuma zancensa aikin layin dogo. Na so in tsaya kallo, amma ba shi ya kawo mu ba. Muka kwana, da safe muka bi gefen gulbi zuwa Bungudu.

A nan na ga abin da ya burge ni. Kafin a tura mutum wurin alƙali, dattawan gari kan zauna tukuna: liman, sarkin noma, sarkin pawa da ardon Fulani. Ba hukunci suke yankewa ba. Abu guda suke dubawa, ko ƙarar ta isa a ɗauke ta zuwa Gusau. Ko kiran ƙanena ba su yi ba, mai ƙara kaɗai suka saurara.

A al'adarsu, mai bin sawu yakan kifa ƙwarya a kan sawun ƙarshe. Muka ɗunguma zango. Ardo ya ɗaga ƙwaryar. Ga sawun kofato nan raɗau, mai san ya rantse nasa ne, ba wanda ya musa.

Sarkin pawa ya tambayi mai san, "Malam, ayari nawa sunka kwana nan?"

"Daren kasuwa ne, Baba, suna da yawa."

"To mi ya sa ka kama wanga mai gishiri?"

"Shi na iske. Sauran sun yi sammako."

"Ashe laifinai nauyin barci," in ji sarkin pawa.

Har liman sai da ya murmusa. Suka keɓe gindin tsamiya, suka dawo da magana ɗaya: sawu ya kawo san har zango, bai kai shi hannun kowa ba. Kawu ya fara godiya an wanke ƙanena. Liman ya tare shi.

"Ba mu ce bai ɗauka ba, Malam. Cewa munka yi babu abin kai ma alƙali."

Da wannan aka saki ƙanena, muka juyo, mu huɗu, da guzurin hoce. A hanya na yi ta tunanin yadda gari ke tace zargi kafin ya zama shari'a, da kuma yadda saki ya bambanta da wankewa. Mun shigo Tsafe ranar Asabar da la'asar. Har yau ba a ga san ba.