Ludayi mai jan zare

Kwana uku da suka wuce a gonar Kawu Sale, wajen gayyar girbin gero, aka kawo fura. Kowa na jiran ludayi ɗaya ya zagayo kansa, ni kuwa sai aka miƙo min ƙwarya daban, da ludayi mai jan zare a wuya.

Shekara huɗu ke nan da babur ya kayar da ni a hanyar Gezawa, kaina ya bugu. Tun lokacin nake fama da farfaɗiya, ga mantuwa. Rubutu ɗaya sai ya ci min kwana uku.

Na ce, "Kawu, zaren nan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Habibu. An ce ta miyau ake ɗauka."

"Kawu, kwalta ce ta fasa min kai. Ita ma a ludayi ake ɗaukarta?"

Aka kwashe da dariya, ban da shi. Ya ja ni gindin ɗorawa, ya rage murya: "To autata fa? Ita ma ciwon nan ne da ita. Shekara biyu kwanonta daban. Na cire ta daga makaranta, asibiti ma kunya ta hana ni kai ta."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ce mana aka yi bokon ne ba ta so.

Ranar Litinin zan raka su asibitin da nake karɓar magani. Da muka koma wajen furar, Kawu ya karɓi ludayin da na sha da shi, ya tsinke zaren, ya ɗebi fura ya sha. Shi ya ce in rubuta wannan labari.

Ko kwana goma zai ci min, ba zan daina ba. Ku faɗa min gaskiya, a gidanku wa ake ware wa kwano?