Takaba da Izinin Hukuma

Yayana mai gyaran famfo ne. Ban da haɗa bututu da musun ƙwallo babu abin da ya iya a duniya, ko masallacin Juma'a sai liman ya kusa sauka daga mumbari yake isa. Ranar da jami'an tsaro suka kewaye wani babban gida a bayan unguwarmu, inda wani mai wa'azi ya tare da mabiyansa, Yaya yana ciki yana gyara musu injin rijiyar burtsatse. Kwana biyu muna jin harbi. Da aka buɗe hanya sai aka ce an kwashe gawarwaki a mota, an binne su wuri guda. Wane wuri? Babu mai faɗa.

Gari ya ɗauki zafi. Masu kiran gidajen rediyo suka yi ca, ɗaliban jami'a da ke Yelwa suka yi ta rubuce-rubuce a waya, kowa na tambayar ko dole ne sai an kashe mutane haka. Mu a gida tambayarmu ƙarama ce: matar Yaya za ta shiga takaba ko kuwa? Limamin unguwa ya ce tunda babu gawa, babu shaida, hukuncinsa na wanda ya ɓata ne, sai ta jira shekara huɗu. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Mata su shigo, su rasa gaisuwar da za su yi, su ce Allah ya bayyana shi. Ita kuwa sai ramewa take yi, ko motsin ƙofa ta ji sai ta miƙe.

Da surutu ya ishi gwamnati, ta kafa kwamitin bincike. Muka hau keke-napep ni da matar Yaya zuwa wurin zaman kwamitin, don ni malamar firamare ce, ni nake karanta wa gidanmu duk wata takardar Turanci. Manya suna can sama da ruwan gora a gabansu, mu aka tura mu teburin wani akawu a bakin ƙofa. Ya miƙo takarda. Na karanta sau biyu. Cewa ta yi mamacin ɗan ƙungiyar mai wa'azin ne, ya mutu yana yaƙar jami'ai, kuma iyalinsa ba su da ƙorafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ya cikinsu. Aiki ne ya kai shi."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Malama, takardar ke nan guda ɗaya. Hukuma ta ce 'yan ƙungiya kawai aka kashe. In ba ya cikinsu, to a wajenmu bai mutu ba."

Matar Yaya ta ja gefen mayafina. "Malama, me aka rubuta?"

Na dubi wuyanta, duk ƙashi ya fito. Na tuna shekara huɗun. Na ce, "An rubuta cewa ya rasu."

Sai ta ce innalillahi a hankali, kamar yanzu aka aiko mata. Ni na kama babban yatsanta na dangwala a tawada, na danna a takardar. Har yau ina jin haushin akawun nan, amma bai kai haushin kaina ba.

Liman ya ga hatimin hukuma a takardar ya amince. Ta shiga takaba, aka yi sadaka, mutane suka sami bakin yi mana gaisuwa.

Bayan watanni rahoton kwamiti ya fito. Muna tsintar shinkafa a tsakar gida muka ji shi a rediyo: babu ko mutum ɗaya marar laifi da ya mutu, iyalan mamatan da kansu sun sa hannu sun tabbatar. Matar Yaya ta ajiye faranti.

"Ashe akwai waɗanda suka yi wa mamatansu wannan ƙazafi? Mutum ya mutu, nasa su ɓata masa suna! Allah ya isa tsakaninsu da marayu." Ta juyo ta dube ni, tana jira.

Na ce amin.