Tauren Kirsimeti

Kirsimetinmu na farko a Gagarawa Tasha ban manta da shi ba, kuma ba don daɗi ba. Aikin layin dogo ne ya kawo maigidana garin a tsakiyar shekarun saba'in, muka baro dangi can wajen Malumfashi. Mu Hausawa ne Kirista, a unguwar da muka sauka kuwa mu kaɗai ne haka. Ranar Lahadi a wata rumfa bayan tasha muke taruwa da 'yan ma'aikata mu yi sujada. 'Yata guda ce a lokacin, shekarunta shida, ga surutu, ga shiga gidan mutane.

A waccan shekarar maigida ya yanka kaji da sassafe, na dafa shinkafa da miya, na zuzzuba a kwanuka yadda muka saba a gida. Yarinya ta sa sabuwar riga ta dinga kai wa maƙwabta, ko'ina aka karɓa da godiya. Da la'asar sai ga ta ta dawo daga wasa, hawaye da majina, ta kama zanina ta ja ni har bayan katangar maƙwabcinmu. Shinkafata ce zube a juji, da naman da komai, kaji sun taru a kai.

"Mama, abincinmu ƙazanta ne?"

Ni ma abin da ke raina ke nan. Na ɗauka ƙyamar hannuna suke yi. A ranar na ƙudura cewa kwanona ba zai ƙara tsallake ƙofar kowa ba.

Maƙwabcin nan dattijo ne, dillalin dabbobi, kowa Baba yake ce masa. Duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, ko ciwo yake sai ya je. Matarsa kuwa Inna, mai fara'a, kullum "sannu 'yar nan". Bayan abin da na gani a juji, fara'ar tata ma ta koma ba ni haushi. In ta yi mini murmushi sai in ce a raina, to, yau kuma me aka kitsa?

A shekarun nan Babbar Sallah da Kirsimeti kusa da juna suke zuwa. Da shekara ta zagayo, Sallah ta riga mu da kamar mako biyu, sai ga cinyar rago daga gidan Baba. Na ce a mayar. Maigida ya ce ba a mayar da naman Sallah. Na ce oho, wato mu mu ci nasu, su su ba kaji namu? Daga ƙarshe dai na soya muka ci. Naman ya yi daɗi, wannan ya ƙara ɓata mini rai.

Bayan kwana biyu maigida ya sayo taure a wurin wasu Fulani da suka fito daga wajen Sule Tankarkar, ja, mai ƙiba, muka ɗaure shi a tsakar gida. Daga ranar Baba ya tsiro da zuwa. Mutumin da shekara guda bai wuce zaurenmu ba, sai ga shi da sallama, wai a ba shi izini ya ga taure. Ya shafa bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga shi ya ji nauyi.

"Bikin naku wace rana zai faɗo?" ya tambayi maigida.

"Alhamis mai zuwa, Baba."

"Ranar Maigatari ke nan," in ji shi, ya girgiza kai ya fita.

Ni kuwa ina bakin murhu, kunnena a tsaye. Dillali ya auna dabbarka, ya kuma ambaci ranar kasuwa, me ya rage? Na ce wa maigida ko dai tauren yake so a sayar masa, ko kuwa ranar yake son sani don a kulle yara a gida kada su kusanci namu. Ya ce ni dai zuciyata ba ta hutawa. Na ce ai ba shi aka ja zuwa juji ba.

Na kwance tauren na mayar da shi ƙofar ɗakina. Kashegari Inna ta aiko da dusa a ƙwarya, wai a ba shi. Sai da na fara watsa wa kaji, na zauna ina kallonsu har azahar, ko ɗaya ba ta yi tangaɗi ba, duk da haka ban ba tauren ba. Yarinya kuma ta dawo daga wasa da labari: Inna ta tambaye ta wa ke yanka a gidanmu. Na ce ina ruwanta! Na hana ta shiga gidan, ta yi kuka, na ƙi saurara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar nan. Tun da aka kawo taure take ɗora kwano a ka tana zagaya tsakar gida, tana koyon tafiya ba tare da ta riƙe ba. Ranar Laraba ta tsaya gabana.

"Mama, bana ma ni zan kai?"

"Ba wanda za a kai wa."

Ta sauke kwanon a hankali ta ajiye. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi. Da yammacin ranar kuma na ji ana wasa wuƙa a kan dutse daga bayan katangar Baba, an daɗe ana yi. Na tashi na ƙara wa igiyar taure ƙulli.

Safiyar Alhamis na ji motar 'yan kasuwa ta yi ham ta tashi. Na ce to, an tafi Maigatari, mun huta. Ban rufe baki ba sai sallama. Baba ne, da buta a hannu ɗaya, wuƙa cikin kube a ɗayan. Na sha gaban tauren.

"Baba, lafiya?"

Bai dube ni ba, maigida ya duba. "In kun yarda, ni zan yanka muku. Bara kai ka yanka da hannunka, mu kuwa ba mu da halin ci. Kunyar dawo muku da kwano a cike ce ta sa aka yi abin da aka yi. Ba a kyauta ba."

"Ai da sai a faɗa, Baba!" Bakina ya riga ni. "Shekara guda cur!"

Maigida ya harare ni. Baba ya ce, "To ga shi na faɗa, 'yar nan."

Maigida ya naɗe hannun riga ya kwance igiyar. Shi ya riƙe ƙafafu, Baba ya juya tauren gabas ya yi bisimilla ya yanka. Ya feɗe mana shi tas, ya wanke wuƙarsa ya tafi.

Kada a ce na yarda. Ban yarda ba. Mun je sujada mun dawo, na yi girki, ina juya miya ina cewa ƙila dai duk rufe ido ne. Amma yarinya ta riga ta ɗora kwano a ka tana jira, idonta a kaina. Na zuba, na zaɓi tsoka masu kyau. Na ce a raina in aka sake yi mata, ban san me zan faɗa mata ba. Ta kai sauran gidajen ta dawo, da ta shiga gidan Baba kuwa shiru.

Har la'asar ba ta fito ba. Na kasa zama. Na yafa mayafi, na bi ta bayan gida kamar ɓarauniya, na tsaya kan jujin nan, har na sa tsinke ina tonawa. Ba shinkafa ko ƙwaya. Ƙasusuwa ne kawai, an tauna su, an tsotse ɓargon.

"'Yar nan, me kika yar?"

Inna ce, ta leƙo ta kan katanga, bakinta da maiƙo. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa tsinken.

"In akwai saura a tukunya, a ƙaro mana," in ji ta. "Yarinyar taki ta cinye mana rabi. Kuma ki biyo ta ƙofa, juji ba hanya ba ce."

Na koma na cika babban kwanona, na ɗauko da kaina. Ina shiga na same su kan tabarma, 'yata a tsakiyar jikokin Inna, hannunsu a kwano ɗaya, sabuwar rigarta duk miya. Ta ɗago, baki cike.

"Mama, sun ci! Baba ma sau biyu ya ci!"

Na ajiye kwanon da sauri don kada hawayena su zuba a ciki.